Ƙuri'a Ashirin da Bayi Miliyan Huɗu: Sharhi a kan Fim ɗin Lincoln

Duk wanda ya sauke fim ɗin Lincoln na Steven Spielberg a wayarsa da niyyar kallon yaƙi, to ya ɓata datarsa. Fim ne na awa biyu da rabi, an fitar da shi a 2012, kuma in ka cire 'yan mintunan farko da sojoji ke shaƙe juna a cikin taɓo, kusan sauran duka maza ne masu gemu zaune a ɗakuna masu duhu suna ƙirga ƙuri'a. A ganinmu nan ne ƙarfinsa yake, kuma daga nan ne rauninsa ya ɓullo.

Tony Kushner, wanda ya rubuta labarin, ya jingina da littafin Team of Rivals na Doris Kearns Goodwin, amma bai ɗauko rayuwar Abraham Lincoln daga haihuwa zuwa kabari ba. Ya yanko wata guda, Janairun 1865, ya zauna a kansa. A lokacin yaƙin basasar Amurka ya kusa shekara huɗu, Kudu ta galabaita, Lincoln kuma ya sake cin zaɓe. Abin da yake so shi ne Majalisar Wakilai ta amince da gyara na goma sha uku ga tsarin mulki, wanda zai haramta bauta a duk faɗin ƙasar. Majalisar Dattawa ta riga ta amince tun Afrilun 1864, amma a watan Yunin wannan shekarar gyaran ya faɗi a ta Wakilai saboda bai sami kashi biyu cikin uku ba. A lissafin fim ɗin, ƙuri'a ashirin ake nema daga 'yan jam'iyyar Demokrat masu adawa.

Mai kallo zai ce, ai mun karanta a makaranta cewa Lincoln ya 'yanta bayi tun 1 ga Janairun 1863. Amsar wannan tana cikin fitowar da ta fi kowace kyau a fim ɗin, inda Lincoln ya zaunar da ministocinsa ya yi musu magana irin ta lauyan ƙauye. Shelar 1863 dokar yaƙi ce, ya yi ta ne da ikonsa na babban kwamanda, kuma jihohin da suka yi tawaye kawai ta shafa. Bayin Kentucky da Delaware da Maryland da Missouri ba su cikinta. Ranar da aka ajiye bindiga, wane alƙali ne zai hana a ce shelar ta mutu tare da yaƙin? Daniel Day-Lewis ya yi wannan jawabi da siririyar murya, yana lanƙwashe kamar mai ciwon baya, yana warware hujjarsa yana kuma nuna inda take yoyo. Ba mu cika ganin fim ya yarda cewa mai kallo zai iya bin muhawarar shari'a ta minti biyar ba tare da an sa masa kiɗa ba. Kyautar Oscar da ya samu a kan wannan rawa, wadda ita ce ta uku gare shi, ba a yi son kai ba.

Sai kuma yadda aka samo ƙuri'un. Sakataren harkokin waje William Seward ya ɗauko wasu dillalai uku ya sake su a kan 'yan majalisar da suka faɗi zaɓe, waɗanda kwanansu a kujera ya kusa ƙarewa. Wannan a yi masa alkawarin shugabancin gidan waya, wancan a ba shi aikin karɓar haraji. Spielberg ya mai da wannan ɓangaren abin dariya, ana bin ɗan majalisa har wurin farauta, wani ya zaro bindiga ya kori dillali. Mun yi dariya, amma ba wanda zai ce bai gane abin da yake kallo ba: sayen baki ne da muƙami. Haka nan lokacin da jita-jita ta cika majalisa cewa wakilan Kudu suna hanya da tayin sulhu, abin da zai iya rusa ƙuri'ar, Lincoln ya aika takarda cewa a iya saninsa babu su a cikin birnin. Gaskiya ya faɗa, domin an tsare su a Virginia. Ƙarya kuma ya yi, domin ya san abin da ake tambayarsa. Fim ɗin ya bar mu da wannan ba tare da ya wanke shi ba, kuma mun yaba masa.

Ranar 31 ga Janairu gyaran ya wuce da ƙuri'a 119 a kan 56. A nan Kushner ya yi wata ɓarna ƙarama: ya sa wakilai biyu na jihar Connecticut sun ce a'a, alhali duka huɗun sun ce e. Ɗan majalisa Joe Courtney ya yi ƙorafi a 2013, marubucin ya kare kansa da cewa wasa yake rubutawa. Hujjar ba ta gamsar da mu ba, tun da fim ɗin da kansa ya zaɓi ya tsaya a kan ƙidaya.

Amma babbar damuwarmu ba Connecticut ba ce. Mutum kusan miliyan huɗu ne ke cikin bauta a ƙidayar 1860, kuma a fim ɗin da aka yi don 'yancinsu, aikinsu shi ne jira. An buɗe da sojoji baƙaƙe biyu suna magana da shugaban ƙasa, ɗayansu, wanda David Oyelowo ya fito a matsayinsa, yana tuna masa bambancin albashi. Daga nan sai suka juya suka shige duhu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Alhali baƙaƙe kusan 180,000 ne suka sa kakin sojan Arewa. Ana biyansu dala goma a wata, a cire uku kuɗin tufafi, farar fata kuma na karɓar sha uku. Runduna ta 54 da ta 55 ta Massachusetts sun yi fiye da shekara suna ƙin karɓar ko sisi har sai da aka daidaita. A cikin ta 55 ɗin ma akwai wani haifaffen Kukawa ta Borno, Nicholas Said, wanda bauta ta bi da shi ta Tarabulus da Santambul da Rasha kafin ya isa Amurka ya shiga soja a 1863. Kafin waɗannan duka akwai dubban bayin da suka gudu daga gonakin auduga zuwa sansanonin sojan Arewa tun 1861, suka tilasta wa gwamnati ta yanke shawara a kansu tun ba ta shirya ba.

Dubi Elizabeth Keckley. A fim ɗin telar uwargidan shugaban ƙasa ce mai sanyin murya da idanu cike da hawaye. A zahiri mace ce da ta fanshi kanta da ɗanta da kuɗin ɗinki, ta kafa ƙungiyar tallafa wa bayin da suka tsere zuwa Washinton a 1862, ta kuma wallafa littafin rayuwarta a 1868. Masaniyar tarihi Kate Masur ta soki fim ɗin a kan wannan tun makon da ya fito, kuma tana da gaskiya. Frederick Douglass kuwa ko inuwarsa babu. Wannan mutum ya gudu daga bauta a 1838, ya shiga Fadar White House a Agustan 1863 ya yi wa Lincoln maganar albashin sojoji ido da ido, kuma a liyafar rantsuwa ta biyu, a Maris 1865, Lincoln ya kira shi cikin taro ya tambaye shi ra'ayinsa a kan jawabin. Fim ɗin ya rufe da wannan jawabin, ya bar mutumin da aka tambaya a waje.

Rashin Douglass ya cuci Lincoln ɗin kansa. Mutumin da ya ce a muhawarar 1858 ba ya goyon bayan daidaita baƙi da fari a siyasa da zamantakewa, wanda a Agustan 1862 ya tara wakilan baƙaƙe ya ba su shawarar su yi ƙaura daga ƙasar, shi ne a 11 ga Afrilun 1865 ya fito ya nemi a bai wa wasu baƙaƙe damar zaɓe, John Wilkes Booth na tsaye cikin masu saurare. Kwana uku bayan nan Booth ya harbe shi. Tafiya ce mai nisa a cikin shekara bakwai, kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba, tura shi aka yi ta yi. Spielberg ya ba mu shi a matsayin wanda ya riga ya isa, dattijo mai tatsuniya da ya fi kowa hangen nesa. Shi ya sa Thaddeus Stevens na Tommy Lee Jones ya fi kama zuciya: shi muna ganin abin da ya haɗiye, lokacin da ya tsaya a majalisa ya taƙaita aƙidarsa ta shekara talatin zuwa daidaito a gaban doka kawai, don kada ya firgita masu ƙuri'a.

Kusa da ƙarshe, Stevens ya kai takardar gyaran gida, Lydia Hamilton Smith, baƙar matar da ke kula da gidansa, ta karanta masa ita a kan gado. A cikin abin da ta karanta akwai togaciya: an haramta bauta da aikin tilas, sai dai a matsayin hukunci ga wanda kotu ta kama da laifi. Mu da muke rubuta manhaja idonmu kan tsaya a kan irin wannan sharaɗi, domin ta nan ake shigowa. Ta nan kuwa aka shigo. Kafin 1865 ta ƙare jihohin Kudu sun fara kafa dokokin da suka mai da zaman banza laifi ga baƙar fata, daga baya kuma aka riƙa ba da hayar fursunoni ga masu gonaki da ma'adinai da masu shimfiɗa layin dogo. Alabama ba ta daina wannan haya ba sai 1928. A fim ɗin, kiɗan John Williams ne ke tashi a hankali yayin da ake karanta togaciyar, kyamara kuma tana kan fuskar Stevens yana murmushi. Ava DuVernay ta ɗauko wannan jimla guda ta gina fim ɗinta mai suna 13th a kanta a 2016, kuma shawararmu ga mai data ita ce ya kalli biyun a mako ɗaya, ya fara da na Spielberg.