Ƙananan Rediyon da Ba Sa Neman Data

Duk wanda ya taɓa haɗa 'yan allunan rediyo samfurin nRF24L01 guda biyu ya san wannan daren. Ɗaya na kan tebur, ɗayan a bakin taga, tazarar ba ta kai taku goma ba, amma allon kwamfuta shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai mai aikin ya cire wayoyi ya mayar, ya sake duba umarnin da ya rubuta, ya fara zargin mai shago da sayar masa da jabu. A rana ta uku wani ya ce masa ya liƙa ƙaramin kafasita da dalma tsakanin ƙafar wuta da ta ƙasa. Yana liƙawa, lambobi suka fara zuba. Ashe allon Arduino da aka jona rediyon a kansa ne ba ya ba shi tsayayyiyar wuta ta volt 3.3 a daidai lokacin da yake fizgar ta don aika saƙo.

Wannan wahala tana neman zama tarihi, kuma ba kowa ne ya kamata ya yi murna da hakan ba.

Tun da aka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, masu sha'awar haɗa na'urori a gida suke neman yadda allunansu za su yi magana da juna ba tare da waya ba. Da farko XBee na kamfanin Digi ne ke tashe, sai dai da tsada. Kamfanin Nordic na Norway ya kawo nRF24L01 mai arha. A 2014 kuma ESP8266 na kamfanin Espressif da ke Shanghai ya fito da WiFi a jikinsa, ƙanensa ESP32 ya biyo baya a 2016. Daga nan yayi ya koma tura komai intanet: ma'aunin ruwan tanki ya aika saƙo zuwa wata uwar garke a wata nahiya, sannan saƙon ya dawo wayar mai gida da ke zaune a ƙasan tankin. Ranar da data ta ƙare ko aka ɗauke wutar rauta, aiki ya tsaya cak.

Yanzu masu abin suna dawowa daga rakiyar wancan yayi, kuma sun yi daidai. Tsarin ESP-NOW yana ba allunan ESP32 damar aika wa juna gajerun saƙonni kai tsaye, babu rauta babu layin waya. Fasahar LoRa, wadda wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ya ƙirƙiro a Grenoble ta Faransa kafin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012, tana kai saƙo kilomitoci da wutar ƙaramin batir. Ga manomin rani da ke son sanin ko injin ban ruwa na aiki a can bakin fadama inda sabis ba ya kaiwa, wannan ya fi masa kowace manhajar intanet amfani.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauƙin da ya zo tare da komowar. Manhajar Meshtastic mai aiki da LoRa, wadda Kevin Hester ya fara a 2020, ta mayar da haɗa hanyar sadarwa abin mintuna: a sayi allo, a zuba masa manhaja, a haɗa shi da waya ta Bluetooth, shi ke nan. Abin yabo ne. Amma wanda ya fara daga nan yakan ɗauka rediyo tsafi ne, har ranar da saƙonsa ya ƙi isa bai san dalili ba.

Dalilan kuwa a bayyane suke ga wanda ya sha wuya a baya. LoRa tana samun nisanta ne da jinkiri. Saƙo guda yakan daɗe a iska, kuma muddin yana can, maƙwabta sai su jira. A Meshtastic kowace tasha tana iya maimaita abin da ta ji, shi ya sa aka ƙayyade tsallen saƙo zuwa uku tun daga farko, iyakarsa bakwai. Sabon shiga yakan ɗaga shi zuwa bakwai yana zaton ƙara nisa yake yi, alhali cunkushe iska yake, kamar masu shela bakwai a kasuwa ɗaya. Akwai kuma batun mita: allon da aka yi don Turai yana kan megahaz 868, na Amurka 915, kuma ba sa jin juna. A Turai ma doka ta taƙaita wasu sassan mitar ga kashi 1 cikin 100 na lokaci, wato daƙiƙa 36 a awa guda.

Tsohon nRF24L01 yana koyar da irin wannan tunani dole. Saƙonsa ba ya wuce bait 32, don haka mai shi zai zauna ya tace abin da ya wajaba a aika. A tsarin RF24Network tashoshi suna jeruwa kamar zuri'a: uwa tana da lamba 00, 'ya'yanta biyar daga 01 zuwa 05, kowane ɗa kuma da nasa biyar. Idan ɗa ya mutu, jikoki sun yanke daga kaka. Wanda ya zana wannan a takarda ba zai ɗora tasha mai muhimmanci a kan batir mai rauni ba.

Masu cewa a bar mutane su ji daɗin sauƙi suna da hujja, domin da yawa sun watsar da abin tun a daren farko. Sai dai makarantu da ƙungiyoyin matasa da ke koyar da wannan sana'a za su fi amfanar ɗalibai idan suka fara da alluna biyu kacal. Ɗalibi ya bar ɗaya a aji, ya ɗauki ɗayan ya yi ta tafiya yana rubuta inda saƙo ya fara ɓacewa, ya ga abin da katangar bulo da kwanon rufi ke yi wa sigina, sannan ya ɗaure eriya a kan gora mai tsayi ya sake aunawa. Allo na uku sai ya jira mako mai zuwa.