Tsokaci A Kan Tsohuwar Kotun Beaumaris

Beaumaris wani ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, a tsibirin Anglesey cikin ƙasar Wales. Daura da ganuwar da Sarki Edward na Farko ya soma ginawa a 1295 akwai wata kotu da aka gina a 1614, wadda aka yi ta yanke manyan shari'u a cikinta har zuwa 1971. Yanzu an mai da ita gidan tarihi. Na ziyarce ta, kuma ina so in yi wa 'yan'uwa ɗalibai ɗan tsokaci.

Da farko dai dole a yaba. Ba a cika ɗakin da kayan ƙawa ba, an bar gini ya yi magana da kansa. Ga mazaunin alƙali can sama, ga akwatin wanda ake tuhuma, ga wurin tsayuwar talakawa. Har ila yau akwai hoton manoma biyu suna jayayya a kan saniya, wannan ya kama ƙaho, wancan ya kama wutsiya, lauya kuwa ya zauna yana tatsa. Wannan ya fi dogon bayani.

To amma a ganina hankalin baƙo ya fi tafiya wajen labarai masu sa tsikar jiki ta tashi, kamar na Richard Rowlands, wanda aka rataye a 1862 bisa laifin kashe surukinsa, alhali yana ta cewa bai aikata ba. Babbar maganar kuwa, wato maganar harshe, ba ta sa hannu a ka. Dokar 1536 ta wajabta Turanci a kotunan Wales, ga shi yawancin mutanen tsibirin harshen Welsh suke ji. Sai a 1942 doka ta ba da damar yin magana da shi a gaban alƙali. Ke nan mutum yana tsaye ana batun ransa, shi kuwa sai abin da tafinta ya gaya masa.

Mu da kakanninmu suka tsaya gaban joji ta bakin tafinta a zamanin Turawa, mun san wannan ciwo. Shawarata ga duk wanda ya je, bayan ya gama kallon katako da ƙarfe, ya tambayi kansa: da wane harshe aka yi hukuncin, wa ya ji, wa bai ji ba?