Tsarin Vancouver da Sunan Bahaushe: Tsokaci

A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka gana a birnin Vancouver na Kanada, suka shimfiɗa tsarin kawo madogara: lamba a cikin matani, cikakken bayani a manazarta. Babu ja, wannan ya rage cunkoso. Sai dai tsarin ya ɗauka kowane marubuci yana da sunan zuriya, alhali a wurin Bahaushe sunan yanka shi ne jigo, na biyu kuwa na mahaifi ne ko na gari. Saboda haka likitan da ke amsa sunan Kano, Amina ce ko Adamu, "Kano A" zai koma. Ta haka aikin wani yakan shige lissafin wani, a jami'o'in da ake auna ƙarin girma da yawan maƙalu.