A Daina Lissafin Dutse Kamar Fili

Kafin dutse ya yi aman wuta, sau da yawa ƙasar da ke kewaye da shi takan kumbura, saboda narkakken dutsen da ke taruwa a ƙarƙashi. Daga wannan kumburin masana ke lissafa zurfin ma'ajiyar narkakken dutsen da yawan abin da ya shige ta. Shekara da shekaru lissafin Kiyoo Mogi na Japan ake bi, wanda ya wallafa a 1958 bayan ya nazarci yadda ƙasa ta lotsa sakamakon aman dutsen Sakurajima na 1914. Mogi ya ɗauki doron ƙasa a shimfiɗe, ma'ajiyar kuma 'yar ƙwallo ce can ciki, kamar balan-balan a ƙarƙashin tabarma. Ba laifinsa ba ne. Da fensir ake aiki a lokacin, kuma ma'ajiyar da ya auna tana da zurfi ƙwarai, tudun sama bai dame ta ba.

Yanzu matasan masana sun koma gina dutsen a kwamfuta da siffarsa ta gaske, kwari da tudu da gangare. Ina tare da su.

A 1998 Valérie Cayol da François Cornet na Faransa suka gwada hanyoyin biyu, har da dutsen Etna na Italiya. Suka gano cewa idan gangaren dutse ya wuce digiri 20, karkatar ƙasa a kusa da ƙololuwa takan juya, ta saɓa wa abin da lissafin fili ya ce. Ma'ana, ma'aikacin da ke duba ma'aunin karkata zai iya cewa dutse yana sacewa alhali cika yake yi. A gangaren digiri 30 kuwa, kuskuren ƙiyasin abin da ya taru kan kai kashi 50 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ƙololuwa ta fi gindin dutsen tsayi a saman ma'ajiyar, lissafin Mogi kuwa ya jera su a layi ɗaya.

Masu riƙe da tsohuwar hanya sukan ce ta fi sauri, kuma sabuwar ma cike take da zato, tunda ba wanda ya leƙa ciki ya ga taurin duwatsun. Gaskiya ne, kuma hoto mai launi kan ruɗi mutum. Amma siffar dutse ba zato ba ce. Tun Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya auna tsayin mafi yawan doron ƙasa, bayanan kuma kyauta ne, haka ma hotunan taurarin Sentinel-1. Ina hikimar jefar da abin da ka tabbatar don kana shakkar saura?

Mutanen birnin Goma da aman dutsen Nyiragongo ya kora daga gidajensu a Mayun 2021, da na Buea a gindin Dutsen Kamaru, a kan irin wannan lissafi ake yanke musu shawarar zama ko tashi. A yi amfani da lissafin Mogi a awannin farko na gaggawa. Amma duk rahoton da ya shimfiɗe dutse mai tsini, a mayar wa mai shi ya sake.