Sharhi a kan Littafin "Summerhill" na A. S. Neill

Ba a fahimtar littafin "Summerhill", wanda aka buga a Amurka cikin 1960, sai an san rayuwar mai shi. An haifi Alexander Sutherland Neill a garin Forfar na ƙasar Sikotlan cikin 1883. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne, a zamanin da ake ladabtar da yara da bulalar fata, kuma bai ɗauki ɗan nan nasa a bakin komai ba wajen karatu. Duk da haka yaron ya gama Jami'ar Edinbara cikin 1912. Cikin 1921 ya kafa makarantarsa kusa da birnin Dresden na Jamus, daga baya ya ƙaura da ita zuwa Ingila, ta zauna a garin Leiston cikin 1927. Ya rasu cikin 1973.

Jigon littafin shi ne tsoro ke lalata yaro. Saboda haka a makarantar ba duka, ba a tilasta wa kowa shiga aji, dokoki kuwa a taron makaranta ake yin su, inda ƙuri'ar ɗan shekara bakwai take daidai da ta shugaba. Lalle a nan Neill ya yi rawar gani. Salonsa mai sauƙi ne, ga ban dariya, kuma inda ya kwatanta yaron da duka ya mai da shi maƙaryaci, mai karatu zai ji cewa wanda ya ɗanɗana ne ke magana.

To amma a nan ne kuma raunin littafin yake. Neill ya mai da tabon da ƙuruciya ta bar masa doka a kan dukan yara. Hujjojinsa labarai ne na ɗalibansa, shi ya zaɓo su, shi ya fassara su, watau shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Har ila yau makarantar ta kwana ce, ta kuɗi, mai ɗalibai kaɗan, kuma shi da kansa ya yarda cewa bai iya ɗaukar 'ya'yan talakawa ba. Ɗan mai hali in ya ƙi aji shekara uku yana da madafa. Ɗan talaka fa?

A ganinmu, littafin ya isa hujja a kan aje bulala. Amma bai nuna wa malamin da ke gaban aji cunkushe, ba littattafai, abin da zai riƙe a madadinta ba.