Ruwan Taliya da Mutuncin Gidan Abincin Unguwa a Roma

Masu sharhin abinci da ke bin taurarin Michelin, lambar yabon manyan gidajen abinci, sun daɗe suna yi wa trattoria, gidan abincin unguwa na Italiya, kallon raini. Wai girkin gida ne aka sa masa kuɗi, kalolin abincin ba su taka kara sun karya ba, kuma abin da kaka ta dafa shi jika ke dafawa. Duk gaskiya ne. Sai dai ni ban ga aibi a ciki ba.

A unguwar Testaccio ta birnin Roma, babbar mayanka ta yi aiki daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1975. Tsoka mai kyau takan tafi gidajen masu hali, ma'aikata kuwa su tashi da kai, tumbi, hanji da wutsiya. Ƙananan gidajen abincin da ke kewaye ne suka mai da wannan saura abin marmari, irin su coda alla vaccinara, wutsiyar sa da ake dafawa sa'o'i da tumatir har nama ya saki ƙashi. Har yau akwai gidajen da ke ware Asabar don tumbi. Da gidan abincin McDonald's ya buɗe a dandalin Piazza di Spagna na Roma a 1986, irin wannan girki ne Carlo Petrini da abokansa suka tashi karewa, har tafiyar ta zama ƙungiyar Slow Food.

Amma ni inda nake gane mai girki shi ne a cacio e pepe. Kayan haɗinsa uku ne kacal: taliya, cukun madarar tumaki da ake kira pecorino romano, da masoro. Babu miya, babu nama, babu inda mai dafawa zai ɓoye gazawarsa. Gwani yakan rage ruwan dafa taliyar da gangan don ya yi kauri da sitaci. Ya ɗan gasa masoron a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, ya zuba ludayi guda na ruwan nan mai fari-fari. Yakan tsame taliyar tun tana da sauran tauri a tsakiya, ta ƙarasa nuna cikin kaskon. Sannan ya sauke daga wuta kafin ya zuba cukun, kuma nan ne ake yin ta. In cukun ya haɗu da zafi mai yawa sai ya dunƙule, ya yi yauƙi, maiƙo ya ware gefe. Sitacin ne ke riƙe maiƙo da ruwa wuri guda, shi ya sa ake damawa kaɗan-kaɗan, ana girgiza kasko, kamar mai dama kunu yana tsoron gudaji. In ya yi, kowane sili zai fito yana sheƙi, ƙasan faranti ba tsararo. Masu zuba kirim don sauƙaƙa wa kansu aiki, a bar su da masu yawon buɗe ido.

Abin da masu sukar suka kasa gani shi ne, irin wannan hannu maimaici ne ke samar da shi, maimaicin kuwa maƙwabta ne ke tilasta shi. Gidan da ke kusa da maɓuɓɓugar Trevi, mai hotunan abinci a bakin ƙofa, yana ciyar da baƙon da ba zai dawo ba. Na unguwa yana ciyar da dattijon da ya ci wannan faranti tun yana yaro, wanda loma ɗaya ta ishe shi ya leƙa kicin ya tambaya ko yau an canza mai girki ne.