Jinjina ga masu kunun zaƙin Gwiwa

Turawan Ingila suna alfahari da ƙananan gidajen da ke dafa musu baƙar giya da gasasshen sha'ir. Mu a masarautar Kazaure, daga Gwiwa har Roni, abin shanmu halal ne, kuma gwanintarsa tana hannun mata.

Kunun zaƙi aikin haƙuri ne. Sai an jiƙa gero ya kwana, a markaɗe shi da citta da kanumfari da masoro, sannan a raba ƙullun gida biyu. A dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, a jira ya sha iska, kafin a zuba ɗanyen da aka haɗa da busasshen dankali ko tsiron dawa. Wannan haɗin ne ke tsinka kaurin ya fito da zaƙi. In aka yi gaggawa, zafi ya kashe tsiron, kunu ya lalace. Gwana da hannu take gane lokacin.

Kurɓa ɗaya za ka ji garɗin gero, sai ɗan tsami, yajin citta ya biyo baya a maƙogwaro.

Da wannan sana'a iyayenmu mata suke sayen sabulu da littattafan yara. Jama'a, in kun shiga kasuwa, ku sayi nasu, ku biya ba tare da tayawa ba.